Ranar da Aka Juya wa Baba Direba Kafet

"Ku ɗaga ta can mana! Kai mai kafet, kana kallo yana jan ƙasa?"

Ni ce mai wannan ihun, zanina a jiƙe sharkaf, na rungumo gefe ɗaya na kafet ɗin Baba Direba, ruwa na tsiyaya ta gwiwar hannuna. Maigidana na riƙe da tsakiya, mai kafet ɗin da muka kira yana gaba yana nishi. Wanda bai taɓa ɗaukar jiƙaƙƙen kafet ba, bai san nauyi ba. Sai ka ce mushen saniya muke fitarwa.

Aikin ɗan hayan sama ne, wani mai gyaran waya. Ya buɗe famfo da safe ya ga babu ruwa, ya bar shi a buɗe ya kama gabansa. Da hantsi aka kawo ruwa. Kafin azahar ya cika ɗakinsa, ya biyo silin, ya sauko ɗakin tsohon nan kamar da bakin ƙwarya. Da ya dawo ya ga ɓarna sai ya kama sosa ƙeya, wai mantuwa ce. Na ce masa wayarsa dai bai taɓa mantawa da ita a caji ba.

Baba yana zaune a baranda kan kujerar roba, ya ɗora ƙafafunsa a kan bokitin fenti, rediyonsa a cinya. Muna wucewa ta gabansa ya ce, "Tela."

"Na'am, Baba."

"Kin yi alamar?"

"Na yi."

"Da me?"

"Da allin ɗinki. A bayansa, daidai bakin ƙofa."

Ya gyaɗa kai. Mai kafet bai gane kan zancen ba, maigidana ma haka. Ni kaɗai na san abin da tsohon yake tsoro.

Ƙofata da tasa suna kallon juna a benen ƙasa. Ni ɗinki nake yi a gida, shi ya sa yake ce mini Tela. Shi kuwa ya ƙare ƙarfinsa a tuƙin motar dogon zango, har ciwon suga ya cinye masa ido. Kowa a gidan ya ɗauka yana gani dishi-dishi. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da na kai masa rigar da na ɗinka masa, ya ɗaga ta sama yana yabon aikin wuya, alhali bayan rigar yake kallo. Ya gane na lura. Can ya ce in turo ƙofa.

"Ko hasken taga ba na gani," in ji shi. "Amma in yaron nan ya ji, gobe zai kwashe ni. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa naki."

Yaron da yake nufi babban ɗansa ne, wanda muke kira Manaja saboda aikinsa a wani kamfani. Ya daɗe yana son ɗauke uban ya kai shi gidansa, mai bene da tayil mai santsi. Baba ya ce a can sai an riƙe masa hannu an kai shi banɗaki kamar jariri, surukarsa na jin motsinsa. Ya gwammace ya mutu a ɗakinsa. Na yi masa alkawari, na kuma riƙe.

A ɗakinsa kuwa ba ka isa ka ce makaho ne ba, don kafet ɗin nan shi ne idonsa. Ba ya taka shi da takalmi. Gaban kujerarsa ta zama, kusa da ƙofar shigowa, gashin kafet ya cinye har zare ya fito, in ya ji kaushi a tafin ƙafa ya san ya iso kujera. A tsakiyar ɗaki akwai inda aka haɗa ƙyalle biyu, ɗinkin ya ɗan taso. Bakin banɗaki kuma akwai ƙunar dutsen guga da marigayiya matarsa ta taɓa yi, wurin ya ƙandare kamar ɓawon burodi. Da ya taka ƙunar nan sai ya miƙa hannu ya shige. Haka yake yawonsa, ya haɗa shayi, ya ɗauko maganinsa, ya tari baƙo a bakin ƙofa har da cewa, "A'a, ka yi ƙiba!"

To ga shi yau an naɗe masa ido an fitar.

Mai kafet ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya bi gefe-gefe da wuƙa ya ɓamɓare gam, ya naɗe shi gashi a ciki. Soson da ke ƙarƙashi ya ce ba shi da sauran amfani, ya sha ruwa har yana wari, muka zubar. Ya sa muka jera bencuna a tsakar gida muka baza kafet ɗin a kai, don iska ta ratsa ta ƙasa. Muka bi shi da garin sabulu da buroshi, muka ɗauraye, muka tatse ruwan da katako. Ya ce kada mu bar shi a rana mai zafi, zai motse ya ƙi kai wa bango, kada kuma mu yarda da bushewar sama, sai mun cusa hannu ta baya mun ji babu sanyi. In aka mayar da danshi, fumfuna ce za ta cinye shi. A ɗakin kuma muka kunna fanka a kan siminti.

Ga damina. Hadari ya taso mu kwashe, ya washe mu mayar. Na bar ɗinkin mutane na koma gadin kafet, bayana har yau bai yafe mini ba.

Baba ya koma ɗakin ɗinkina da zama, don ya ƙi bin Manaja ko na kwana ɗaya. Mutumin da ke kai da kawo a ɗakinsa sai ga shi a takure a kan katifa, hannu a cinya, ko ruwa ba ya iya ɗauka sai an ba shi. In zai zaga, maigidana ke riƙe shi, ni kuma in ɗaga murya in ce, "Baba, jirin nan bai sake ka ba?" saboda masu kunne a bango.

"Tela, ya bushe?"

"Saura kaɗan."

"Jiya ma haka kika ce. Ke da kafet ɗin nan duk halinku ɗaya, ba ku cika alkawari."

"To tashi ka hura masa iska da bakinka."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, a hankali, "Na gaji da zama baƙo, 'yar nan."

Ranar da ya bushe, mai kafet ya zo da sabon soso da gwangwanin gam. Manaja ma ya zo, cikin farar riga, makullin mota na rawa a yatsa. Tun farko shi ya so a jefar da tsohon kafet ɗin a sayi sabo, uban ya ce atafau. Ni kuma aka yi rashin sa'a wata mai ɗinki ta tsare ni a ƙofa tana masifar kayanta. Kafin in rabu da ita in leƙa, an shimfiɗa soso, an shafa gam, rabin kafet ya kwanta. Ina duba bakin ƙofa na ga wuri lafiyayye, gashi tsaye.

"Mai kafet, ina alamata?"

Ya nuna can ƙurya da haɓa. "Oga ne ya ce a juya."

"A juya me?"

Manaja ya juyo yana murmushi. "Anti, dabara ce. Kin ga wurin da ya cinye ɗin nan, yanzu ya koma ƙarƙashin gado. Duk wanda ya shigo mai kyan zai fara gani. Ai kullum in na zo da abokaina kunya nake ji, a ce ubana a kan tsumma yake zaune."

"A mayar da shi yadda yake."

"Saboda me?"

"Saboda haka mai ɗakin ya saba."

"Haba Anti, kafet ne fa, ba alƙibla ba."

Wallahi maganar ta zo mini har maƙogwaro. In ce masa ubanka ba ya gani, kai da kake zuwa duk mako kana zama a gabansa kana latsa waya, ba ka taɓa lura ba? Na buɗe baki ke nan sai na ji gyaran murya a bayana. Baba ne tsaye a bakin ƙofata, ya dafa bango, fuskarsa na fuskantar inda muryar ɗansa take.

"Tela, bar shi. Ya yi kyau."

"Kin ji ko?" in ji Manaja. "Shi da kansa ya gani ya ce ya yi kyau."

Ya gani! Na koma ɗakina na zauna a kan keken ɗinki, na taka shi babu ƙyalle babu zare, don kada in fasa ihu. Ina jin mai kafet na dukan gefe da gwiwa yana miƙar da shi, ana jan gado, ana mayar da kujera. Manaja bai tafi ba sai da yamma, bayan ya ɗauki hoton ɗakin ya tura wa ƙannensa.

Motarsa na fita na kama hannun Baba na kai shi bakin ƙofarsa. Ya cire silifas, ya taka. Ya ɗan matsa gaba, yana shafa ƙasa da tafin ƙafa, hagu, dama. Ya ƙara matsawa. Sai ya tsaya cak a tsakiyar ɗakin da ya shekara da shekaru a ciki, ya miƙa hannuwa biyu cikin iska.

"Tela, ina nake?"

Ban san sanda na fara faɗa ba. Na ce masa shi ya ja, da bakinsa ya ce ya yi kyau. Na ce wane irin taurin kai ne wannan, mutum ya zaɓi asirinsa a kan lafiyarsa. Na zagi ɗan hayan sama, na zagi gam, na zagi farar rigar Manaja. Yana tsaye yana ji har na gaji.

"Kin gama?"

"Ban gama ba!"

"To in kin gama, ki kira mai kafet ya juya mini abina. In yaron ya zo na ce ni na sa. Tsufa ne."

Na kira mai kafet. Ya ce yana wani aiki a nesa, sai gobe bayan azahar, kuma a bar tagogi da ƙofofi a buɗe warin gam ya fita. Tagogi na buɗe. Amma ƙofar baya na ja ta na sa sakata, don na lura da abin da juyin nan ya yi. Ƙunar dutsen gugar da ke bakin banɗaki yanzu ta koma daidai bakin ƙofar baya, wadda ke fita wurin wanki, inda akwai matakalar siminti mai tsayi. Na gaya wa Baba, na maimaita masa. Ya ce ya ji, shi ba yaro ba ne. Maigidana ya kwana a ɗakin tare da shi.

Washegari ina tare da Baba tun safe, ɗinkin hannu a cinyata. Ya ci abincin rana, ya sha magani, barci ya ɗauke shi. Azahar ta wuce babu mai kafet, wayarsa kuma a kashe. Na ce yau ko a ƙarƙashin ƙasa yake sai na tono shi. Na duba sakata tana nan, na ja ƙofar gaba, na tafi shagonsa da ke bakin titi. Na same shi yana shan shayi hankali kwance, na tasa shi a gaba.

Ashe bayan fitata ɗan hayan sama ya sauko. Tun ranar ruwan nan yake neman hanyar wanke kansa, kullum sai ya zo gaisuwa. Ya tura ƙofa ya ga tsoho na barci, ɗaki ya cika da warin gam. Sai tausayi ya kama shi. Ya zare sakata, ya wangale ƙofar baya don iska ta shigo, ya tokare ta da dutse, ya fita a hankali kada ya tashe shi. Kowa dai taimako ya zo yi.

Tun daga bakin gida na ji ihun wata mai wanki. Na yar da jakata na ruga.

Baba yana kwance a ƙasan matakala, ƙafa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa, jini na bin kunnensa. Fitsari ne ya tashe shi daga barci. Da magagi a ido wa ke tuna an juya kafet? Ƙafarsa ta taka ƙuna, ta gaya masa ga banɗaki, ya miƙa hannu ya ji ƙofa a buɗe, ya sa kai. Wandonsa ya jiƙe. Na durƙusa a kansa ina kiran sunan Allah.

"Tela ce?"

"Ni ce, Baba."

"Rufe ni. Akwai mata a nan."

Na cire mayafina na rufa masa. Ɗan hayan sama na tsaye a gefe ya ɗora hannu a ka, yana cewa shi alheri ya yi niyya. Na ce ya ɓace mini da gani kafin in yi abin da za a ɗaure ni.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye, kan ma ya bugu. Manaja ya iso a guje, babu ko hula. Muna tsaye likita ya haska wa Baba ƙaramar tocila a ido, ya haska ɗayan, ya juyo.

"Tun yaushe ya daina gani gaba ɗaya?"

"Yana gani kaɗan-kaɗan," in ji Manaja.

"Wannan idon? Ya daɗe rabonsa da haske."

Manaja ya kalli uban, ya kalli likita, sannan ya kalle ni. Ya ja ni waje.

"Anti, kin sani?"

"Na sani."

"Kin sani kika yi shiru? Kika bar ni na juya masa..." Ya dafe kai. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kai me ya sa ba ka gani ba? Kai ne mai ido biyu! Ni maƙwabciya ce, riga ɗaya na kai masa na gane. Kai ɗan cikinsa, kana zuwa kana duba labule, kana duba fenti, kana duba abin da abokanka za su ce. Ka taɓa duba fuskarsa? Garin gyaran gira ka tsone ido, yanzu kuma ni za ka tuhuma?"

Mutane suka fara taruwa, wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu rage murya. Ya jingina da bango ya sulale ƙasa, ya rufe fuska da hannu. Na san yana son ubansa, ban taɓa cewa ba ya sonsa ba. Amma a ranar ko ɗigon tausayinsa ban ji ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ji ba.

Da aka kwana biyu zazzaɓin ƙirji ya kama Baba, likita ya ce in ya sauka, za a yi aikin ƙugu, wataƙila ya koma gida. Jin haka na dawo na kamo mai kafet. Ban nemi izinin kowa ba. Muka fitar da gado da kujera, ya ɓamɓare gam, sabon soson ya yayyage a wasu wurare ya cike. Muka juya kafet ɗin, ni da shi da maigidana. Na durƙusa na ɗaga gefen da kaina sai da na ga allina a bakin ƙofa, sannan na ce ya shafa gam. Na sa maigidana ya buga wa ƙofar baya ƙusa. Tunda babu ƙofar da za a buɗe, na kunna fanka na bar ta, don kada tsoho ya dawo ya tarar da wari.

Da yamma na je asibiti. Baba ya rame, numfashinsa na fita da ƙyar, Manaja na zaune a gefen gado yana riƙe da hannunsa. Na sunkuya daidai kunnensa.

"Baba, Tela ce. An juya."

A hankali leɓensa ya buɗe. "Kaushin... yana gaban kujera?"

"Yana nan."

"Ƙunar fa?"

"Tana bakin banɗaki. Da ƙafata na taka."

"To madalla." Ya ja numfashi. "Ki gaya wa yaron nan, gida zan koma. Ba gidansa ba."

"Ina ji, Baba," in ji Manaja. "Ɗakinka za ka koma. Ni zan kai ka."

"Kin ji shi, Tela. Ke ce shaida."

"Na ji."

Ƙafarsa mai lafiyar ta ɗan motsa a ƙarƙashin zanin gado, yatsun suna shafa katifa. Daga nan barci ya ɗauke shi, na yi musu sallama na taho.

Da safe ina ɗora ruwan shayi maigidana ya shigo da waya a hannu. Ya cire hularsa ya zauna a bakin gado. Na sauke tukunyar. Ba kuka ne ya zo mini ba, haushi ne tsagwaronsa. Mutumin da ya ratsa dazuzzuka da mota cike da rayuka bai taɓa kifar da kowa ba, a ce matakalar wurin wanki ce ajalinsa, saboda wani ya manta famfo, wani yana jin kunyar abokai, wani kuma yana neman lada. Shi ma tsohon ban ƙyale shi ba, na yi masa faɗa a zuciyata har na gode Allah.

Aka yi abin da ake yi, aka kai shi, mutane suka zo suka watse. Ɗan hayan sama ya tsaya daga nesa, bai yarda mun haɗa ido ba. Manaja ya zo ƙofata zai yi magana, na ce masa ba yau ba.

Sai da gidan ya yi tsit na tuna makullin ɗakin yana wurina. Na ɗauko na buɗe. Warin gam ya fita sarai, gado a gyare, kujera a wurinta. Fankar da na bari tana ta aikinta, ta juya wajen gado, ta dawo wajen ƙofa, ta sake komawa. Na miƙa hannu na kashe ta, na tsaya a nan har fukafukanta suka daina juyawa.